Kundin aikin gyaran zane-zane bakwai a Hanoi

15 ga Janairu, 2024

Yau aka kawo mana zane-zane bakwai daga wani gida da ke tsohuwar unguwar Hanoi, babban birnin Biyetnam, kuma na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta abin da muka gani da abin da muka yi, kamar yadda shugabar ɗakin gyaranmu ta umarta. Huɗu daga cikinsu zanen fentin mai ne a kan ƙyalle, biyu a kan siliki suke, ɗaya kuma na sơn mài ne, wato zanen da ake yi da ƙaron itace a kan katako, a bi shi da guga har ya yi sheƙi. Dukkansu aikin mutum ɗaya ne wanda ya rasu tuntuni, kuma ya koyi zane ne a kwalejin Hanoi bayan 1954, wadda ta gaji makarantar da Victor Tardieu da Nguyen Nam Son suka kafa a 1925, zamanin mulkin Faransa. Matarsa ce ta adana su, ita ce kuma ta rako su da ƙafarta. Muna kiranta Bà, wato kaka, ita kuma tana kiranmu cháu, jikoki, kamar yadda al'adar nan take.

Mun ba kowane zane lamba, ba mu taɓa komai ba. Lamba 3 shi ne ya tsaya mini a rai: hoton wata budurwa ce zaune a bakin taga, kuma wani fari-fari kamar garin rogo ya rufe rigarta da rabin fuskarta. Bà ta ce fumfuna ce, ta kuma gaya mana cewa kowace shekara, idan bikin Tết na sabuwar shekara ya matso ana share gida, takan goge shi da ɗanyen tsumma, har zuwa shekarar da ta ga launin kusurwar ƙasa ya biyo tsumman, daga nan ta daina. Shugabarmu ta sa na rubuta wannan magana kamar yadda ta faɗe ta, domin fumfuna ba ta sa fentin mai ya narke a ruwa.

29 ga Janairu, 2024

Mako biyu muka yi muna ɗaukar hoto, gaba da baya, da haske na gaba-da-gaba da kuma hasken da ake karkatarwa daga gefe domin kowane tudu da tsaga su fito. Bayan zane yakan ba da labari fiye da gabansa. Lamba 3 da lamba 4 ba a kan ƙyallen masu zane aka yi su ba, a kan buhun algarara aka yi su, an farke shi an miƙe a kan katako, kuma shimfiɗar farin da ke ƙarƙashin launi siririya ce ƙwarai, har saƙar buhun tana leƙowa.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin ƙasar. Daga shekarun yaƙi har zuwa 1986, lokacin da aka fara sauye-sauyen tattalin arziki da ake kira Đổi Mới, kayan zane sun yi wuyar samu a Arewacin Biyetnam. Ɗan fentin da ke shigowa daga Tarayyar Sobiyet da Gabashin Turai da Sin rabo ake yi, kuma mai zane yakan tsawaita abin da ya samu da duk abin da ke hannunsa. Bui Xuan Phai, wanda ya rasu a 1988 kuma ya yi suna da zanen titunan tsohuwar Hanoi, ya yi zane a kan kwali da takardar jarida da kwalin taba. Ke nan abin da muke fama da shi a yau an shuka shi ne tun ranar da aka kwaɓa fentin, kuma babu laifin da za a ɗora wa wanda ya kwaɓa.

Lamba 1 da lamba 2 suna da tsagogi a jere, a kwance, tazararsu kusan ɗaya. Bà ta ce an cire su daga katako an naɗe su kamar tabarma a Disambar 1972, lokacin da jiragen Amurka suka yi kwana goma sha biyu suna ruwan bama-bamai a Hanoi, iyalin suka fita ƙauye. An naɗe su ne da fuskar zanen a ciki, abin da ke matse fenti ya sa shi tsagewa.

26 ga Fabrairu, 2024

Mun dawo daga hutun Tết muka tarar da nồm ya shigo. Yanayi ne da ke zuwa tsakanin Fabrairu da Afrilu, inda iska mai ɗumi da laima daga teku take haɗuwa da bango da daɓe masu sanyi, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa a kansu kamar gumi. Laimar iska a waje takan haura kashi 90 cikin 100. Ni da na taso inda hunturu ke busar da leɓe ya tsaga katako a daidai wannan lokaci, sai da na ga madubi yana zubar da ruwa da rana tsaka kafin na gane abin da zane yake sha a wannan gari shekara da shekaru.

Fumfuna takan fara samun wurin zama idan laima ta daɗe sama da kashi 65 zuwa 70, don haka na'urar tsotse laima tana aiki dare da rana. Sai dai ba mu saukar da laimar da sauri ba. Zanen da ya yi shekara sittin a ɗaki mai danshi ya saba da shi, kuma idan aka busar da shi farat ɗaya, algarara za ta motsa, fentin da ya riga ya saki kuma ba zai iya binta ba. Muna saukarwa kaɗan-kaɗan kowane mako. Zanen sơn mài mun ware shi a wani akwati dabam, domin katakonsa yakan kantare idan iska ta bushe da yawa.

18 ga Maris, 2024

Yau muka sa lamba 3 a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Fumfuna zare-zare take yi kamar saƙar gizo, tana kwance a saman fenti. Abin da muka gani kuwa ƙwayoyi ne masu kusurwa, kamar na gishiri, kuma daga cikin fentin suke tasowa, suna ɗaga fatarsa suna fasa ta. A ƙarƙashin hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani amma yake sa wasu launuka su yi haske, rigar budurwar ta ba da haske mai ruwan ɗorawa da ɗan kore, wanda alama ce ta farin tutiya. Farin dalma yakan ba da haske dabam, farin titaniyom kuma duhu yake yi.

Da rana wani abokin aiki ya zo da na'urar XRF ta hannu, wadda ke harba haske a kan zane ta karanta ma'adinan da ke wurin ba tare da an yanki komai ba. Ta nuna tutiya mai yawa, ta kuma nuna farar wuta. Na yi saurin murna, na ce mun gano, amma shugabarmu ta tuna mini cewa akwai wani farin fenti mai araha da ake kira litofon, wanda shi ma tutiya da farar wuta ne a cikinsa tun daga masana'anta, tare da bariyom. Na'urar tana faɗin ma'adinan da ke wurin ne kawai, ba ta faɗin yadda suka haɗu da juna. Mun sake aunawa a wurare da dama muna neman bariyom. A rigar bai fito ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, amma wannan bai isa hujja ba, don haka za mu nemi izinin Bà mu ɗebi samfur.

22 ga Afrilu, 2024

Bà ta yarda bayan mun nuna mata girman abin da za a ɗeba, wanda bai kai kan allura ba. Mun ɗebi uku daga bakin wuraren da fenti ya riga ya faɗi, mun aika ɗakin bincike. Za a binne ɗaya a cikin roba mai haske a goge gefensa domin a ga hawa-hawan fentin, sauran kuma za a gwada su da hasken infrared da na'urar da ke karanta tsarin ƙwayoyin gishiri.

Kafin sakamako ya zo na koma kan lamba 7, na sơn mài. Ƙaron da ake yin wannan zane da shi, sơn ta, daga wani itace ake tatsarsa wanda ake nomawa musamman a lardin Phu Tho, arewa maso yammacin Hanoi. Yana da wata ɗabi'a da ta saɓa wa sauran fenti: a cikin laima yake ƙanƙarewa, shi ya sa masu aikinsa suke ajiye zane a ɗaki mai danshi bayan kowane shafi. Ɗanyensa yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu tsanani. Ana fara shirya katakon ne, wanda ake kira vóc, a naɗe shi da ƙyalle a shafe shi da ƙaro hawa-hawa, sannan a ɗora launi da ganyen zinariya da na azurfa da ɓawon ƙwai, wanda shi ne farin wannan sana'a, a sake rufewa da ƙaro, a riƙa gugawa da ruwa har siffar ta fito daga ƙasa. Ɗaliban makarantar Hanoi ne, tare da ƙarfafawar malaminsu Joseph Inguimberty, suka mayar da wannan aiki na kayan ado da na wuraren ibada ya zama zane a shekarun 1930.

Tun da guga ce ta fito da siffar, guga kaɗan a kan ƙari tana iya shafe ta. Kowa a wannan sana'a yana tuna abin da ya sami babban zanen Nguyen Gia Tri na lambun bazara, wanda ya yi shekara ashirin yana yi, daga 1969 zuwa 1989, mai faɗin mita 5.4 da tsayin mita 2, wanda kuma aka sa cikin dukiyoyin ƙasa a 2013. A 2019 labari ya fito cewa an wanke shi da sabulun wanke kwanuka an kuma bi shi da sanfefa, fatar samansa ta lalace. Wanda ya yi aikin ma'aikacin ƙaro ne, kuma abin da ya yi shi ne abin da ake yi wa sabon faranti a wurin sana'a. Namu lamba 7 ya dusashe a gefen da ke fuskantar taga, domin hasken rana yana tsattsaga fatar ƙaro da tsagogin da ido ba ya gani, kuma fatar da ta kai wannan hali ɗigon ruwa ma yakan bar mata tabo. Azurfar da ke ƙarƙashin tsagogin ta yi baƙi. Mun share ƙura da buroshi mai laushi, mun tsaya nan.

3 ga Yuni, 2024

Sakamako ya iso ranar Juma'a. Farin da ke kan lamba 3 gishirin tutiya ne mai farar wuta, wanda masana ke kira zink salfet, kuma yana narkewa a ruwa. Bayanin da ya fi dacewa da abin da muka gani shi ne cewa farin tutiyar da mai zanen ya yi amfani da shi, wanda ba shi da isasshen mai da zai lulluɓe ƙwayoyinsa, ya yi shekaru yana shaƙar iska mai hayaƙin farar wuta a cikin laima. Duk lokacin da nồm ya zo gishirin yakan jiƙe ya motsa, idan iska ta bushe kuma ya sake ƙanƙarewa a sama ko a tsakanin hawa biyu na fenti, ya tura na saman ya ɗaga. A samfurin da aka goge an kuma ga alamun abin da ake kira sabulun tutiya, wanda ke samuwa idan tutiya ta haɗu da kitsen da ke cikin man fenti, kuma shi ma yana raba hawa da hawa.

Game da inda farar wutar ta fito, ba sai an je nesa ba. Shekaru da dama gidajen Hanoi da masu abinci a bakin titi da dunƙulen kwal mai huda-huda kamar saƙar zuma suke girki, har sai da hukumomin birnin suka ba da umarni a 2019 cewa a daina. Bà ta ce murhunsu a lungun gidan yake, ƙasa da tagar ɗakin da zanen yake rataye.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne yi mata bayani. Farin da take gogewa kowace shekara ba datti ba ne da ya sauka a kan aikin mijinta, fentin ne da kansa ya rikiɗe, kuma duk shafar ɗanyen tsumma tana tafiya da wani abu daga rigar. Shugabarmu ce ta faɗa mata, cikin ladabi, ta fara da cewa ba don kulawarta ba da zanen bai kai yau ba, wanda kuma gaskiya ne. Bà ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tambaya ko fuskar za ta dawo. Amsar da aka ba ta ita ce za mu iya tsayar da abin da ya rage, mu rage farin da ya rufe ido da kunci, amma launin da ya riga ya zama gishiri ba ya komawa launi.

8 ga Yuli, 2024

Wata guda ke nan muna gwajin abin da za mu manne fentin da shi, kuma a nan ne ra'ayi ya rabu. Gam ɗin da aka saba amfani da shi a irin wannan aiki, wanda ake samu daga jikin kifi, da ruwa ake narka shi, haka ma funori na Japan da ake yi da ciyawar teku, ga shi kuwa ruwa ne abokin gabar wannan zane. Wani gam na roba mai suna Paraloid B-72 ba ya buƙatar ruwa, amma a kan gutsattsarin gwajin da muka shirya da farin tutiya mai ƙarancin mai, ya duhunta launin ya sa masa ƙyalli, alhali fentin lamba 3 busasshe ne marar sheƙi kamar alli. Wani gam ɗin kuma mai suna Aquazol yana narkewa a alkohol, ya shiga ƙarƙashin ɓawon fenti da kyau, bai kuma canza kamannin ba sosai.

Damuwata da Aquazol ita ce yana shan laima daga iska, ya yi laushi idan danshi ya yi yawa. Abin da ya yi kyau a ɗakin gwaji na Turai ba lallai ne ya jure Maris na Hanoi ba, kuma zanen nan gida zai koma, ba gidan adana kayan tarihi ba. Na faɗi haka, shugabarmu ta saurara, ta ce in sa gutsattsarin a akwati mai laima sosai in ga abin da zai faru. Na yi, na mako uku. Waɗanda aka shafa wa Aquazol mai kauri sun yi danƙo, ƙura ta kama su, waɗanda aka sa wa marar kauri sau biyu kuma ba su nuna komai ba. An yanke shawara a kan marar kaurin, da sharaɗin cewa zanen zai koma cikin firam rufaffe mai gilashi. Na amince, ko da yake mako uku a akwati ba shekara goma ba ne a bango.

12 ga Agusta, 2024

An manne kusan kashi biyu cikin uku na lamba 3, da ɗan siririn buroshi, a ƙarƙashin madubi, ɓawo bayan ɓawo. Gishirin da ke kan fuskar muna ɗaga shi a bushe, kuma inda ya riƙe fenti muna barinsa.

Zanen siliki biyu ba su ba mu wahalar ganewa ba, domin tasu fumfunar ta gaske ce. Salon da Nguyen Phan Chanh ya yi suna da shi tun farkon shekarun 1930 shi ne a shafa launi a wanke, a sake shafawa a sake wankewa, har launin ya shiga cikin zaren, sannan a manna takarda a baya da kokon sitaci. Wannan koko shi ne abincin fumfuna da ƙwari. Mun cire tsohuwar takardar lamba 5, za a sa sabuwa ta dó, wadda ake yi da ɓawon itace. Silikin lamba 6 ya yi rauni har yana karyewa a inda aka taɓa ninke shi, don haka ya jira.

Wani ɗan uwan iyalin ya zo yana tambaya ko bincikenmu zai iya zama shaidar cewa zane-zanen na asali ne. Tambayar tana da dalili, domin tun da aka sayar da wani zanen Mai Trung Thu a kan dala miliyan 3.1 a Hong Kong a 2021 kowa ya san abin da ke cikin kasuwar, kuma ba a manta da baje kolin 2016 a birnin Ho Chi Minh ba, inda aka gano cewa zane-zane 17 da aka ce an dawo da su daga Turai ba na gaske ba ne. Mun gaya masa cewa gwaji yana iya ƙaryata zane idan aka sami launin da ba a ƙirƙiro ba tukuna a shekarar da aka ce an yi shi, amma ba ya iya faɗin hannun da ya riƙe buroshi.

12 ga Satumba, 2024

Guguwar Yagi ta faɗa wa Hanoi ranar 7 ga wata, ta tumɓuke dubban itatuwa, kuma jiya Jan Kogi, wanda ya ratsa birnin, ya cika fiye da yadda aka gani cikin shekara ashirin. Ruwa bai shigo mana ba, amma wuta ta ɗauke, na'urar tsotse laima ta tsaya kwana biyu. Mun sa zane-zanen a akwatuna tare da ƙwayoyin silika masu shan danshi, muka liƙe bakinsu. Da muka buɗe yau, wuraren da aka manne a lamba 3 suna nan daram. A gefen hagu kuwa, inda ba mu kai ba tukuna, sabon fari ya fito a wurare biyu da babu shi a hoton watan jiya. Na ɗauki hotonsu na sa alama a taswirar zanen.

14 ga Oktoba, 2024

An gama manne lamba 3. Idon budurwar na dama ya fito, kuncin kuma ya rage da hazo-hazo wanda ba za mu bi ba. Lamba 1 da lamba 2 an shimfiɗa tsagoginsu an mayar da su kan sabon katako, lamba 5 ya sami sabuwar takarda, lamba 7 yana nan yadda yake, in ban da ƙurar da aka share.

Saura maganar kusurwar da ta bi tsumma. Gyaran da aka yi wa Em Thúy na Tran Van Can, zanen 1943 da ke gidan adana zane-zane na ƙasa a titin Nguyen Thai Hoc, wanda ƙwararriya Caroline Fry daga Ostiraliya ta gudanar a 2004, shi ne misalin da mutane a nan suke kawowa idan ana maganar abin da gyara zai iya yi, kuma iyalin sun ambace shi. Sai dai a namu babu wani tsohon hoto da ke nuna abin da ke kusurwar, Bà kuma ta ce tana jin hannun kujera ne, ko kuwa gefen kwando. Shawararmu ita ce a cike wurin da launi ɗaya marar siffa, wanda ya ɗan fi kewayensa haske, kuma wanda za a iya cirewa gobe. Babban ɗanta yana son a zana hannun kujerar. Ba a daidaita ba tukuna, kuma mun bar wurin a buɗe har su gama shawara a gida.

Kafinta zai kawo firam ɗin gwaji ranar Alhamis, mai gilashi a gaba da rufi a baya da wurin sa silika. Na roƙi a bar ni in je gidan da ma'aunin laima kafin a mayar da komai, in ajiye shi a bangon da Bà take so da kuma wani bangon na ciki nesa da taga da wurin kunna turare, a bar shi har nồm na baɗi ya wuce. Lamba 4, wanda shi ma a kan algarara yake kuma farinsa iri ɗaya ne da na lamba 3, zai hau tebur ranar Litinin.